Kwana Biyu a Bakin Bosomtuwi

Sidi ɗari takwas, in ji matar a waya,
kwana biyu, ban da itacen girki.
Na ce a yi mini ragi. Ta yi dariya da harshen Tuwi.
Dariyar na gane, ragin ne ban gani ba.

Asabar da duku-duku muka bar Aboabo,
ni da ƙanena Sallau da Baba,
da kular wake da shinkafa, da buta, da fitila mai caji,
da rediyon da Baba ba ya rabuwa da shi ko a gidan makoki.
Mota ta sauke mu a Kuntanase,
wata ta gangara da mu Abono, birki yana kuka,
direba na addu'a da yarensa, mu da namu.

A hoto ɗakin ya fi haka girma.
Katako ne, fenti shuɗi a gaba,
bayan kuwa an bar wa gara.
Maame Adwubi ta ƙirga mana cokula shida a tafin hannu,
ta nuna inda kwanon rufi ke yoyo,
ta ce, in hadari ya taso, ku ja gadon hagu.

Baba ya zagaya da sandarsa yana ƙwanƙwasa bango.
"Shekara arba'in ina dakon huhun goro
don in fid da ku daga ɗakin katako,
yau kun biya kuɗi kun maido ni ciki."
Sallau ya ce, ai wannan hutu ake ce masa.
Baba ya ce, "Allah ya kyauta. Ina gabas?"

Da la'asar tafkin ya kwanta luf,
tsaunuka sun kewaye shi kamar bakin ƙwarya.
Masunta ba jirgi: kowa bisa gungume guda,
ƙafa a ruwa, hannu ne filafili.
Mun sayi karfasa bakwai a wurin wani yaro,
na gasa huɗu, na ƙona uku.

Sallau ya kafa tantin aro a gindin kwakwa,
ya ce shi yau da taurari zai kwana.
Sha biyun dare sai ga shi a ƙofa,
sauro ya yi masa zane, tantin a kafaɗa.
Can ruwa ya kece.
Muka ja gadon hagu.

Cikin duhu, ɗigo na faɗawa a tukunya,
Baba ya ce, ba da kowa ba,
"Ina ɗan shekara tara muka ƙetare kogi a Yeji,
ni da kawuna da shanu goma sha ɗaya.
Tun daga wannan gaɓa har waccan idona a rufe.
Ruwa mafi girma a rayuwata, ban gan shi ba."
Ba wanda ya tanka. Tukunyar ce ta amsa.

Da asuba na lalubi shimfiɗarsa, wayam.
Rediyon yana nan bisa matashi, a kashe.
Na fita ba takalmi, gabana na faɗuwa.

Yana can, wando a naɗe zuwa gwiwa,
ruwa ya kai masa idon sawu,
hazo na tashi daga tafkin kamar tururin koko.
Bai juyo ba.
Ya ce, "Lantana, ashe ruwa ma yana yin shiru."
Na tsaya bayansa riƙe da sandar da ya yar a yashi,
har rana ta leƙo ta kan tsauni.

Ran Litinin cokula biyar muka miƙa.
Na shidan Sallau ya haƙa tsutsar kamun kifi da shi,
tafkin ya karɓe, kifi kuma bai zo ba.
Sidi goma. Maame Adwubi ba ta yi ragi nan ma.

Muna hawan tudu, mota na nishi,
Baba ya taɓa kafaɗata, idonsa na kan taga.
"Ɗari takwas kika ce?
Tambaye ta, bayan Babbar Salla nawa za ta ce."